Mai Shari'a Aloma Mukhtar: Yadda 'Yar Arewa Ta Hau Kujerar Kotun Ɗaukaka Ƙara

 A wannan mako za mu ɗan ajiye zancen girki da renon yara, mu leƙa kotu. Kada uwargida ta ce ina ruwanta da kotu, domin in kin je kin zauna gaban alƙalin garinku na yini ɗaya tak, za ki tarar yawancin abin da a ke kawo masa zancen aure ne, da saki, da gado, da riƙon 'ya'ya, kuma babu ɗaya daga cikinsu da babu mace a ciki.

Kowane Bakatsine ya san shekarar 1987, domin ran 23 ga watan Satumba na wannan shekara ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta cire mu daga Jihar Kaduna, ta ba mu Jihar Katsina. To, a cikin wannan shekara kuma wani abu ya faru wanda ba a yi masa kiɗa da kilisar dawaki ba, amma ya kamata mu mata mu riƙe shi. An naɗa Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, 'yar Jihar Kano, ta zama joji a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya. Tun da aka kafa kotun a 1976 mace ba ta taɓa zama a kan wannan kujera ba sai ita, daga Kudu har Arewa.

Bari in fara gaya maku ko wace irin kotu ce wannan, don a san girman abin da a ke magana.

A ce ga wata baiwar Allah nan Mashi, mijinta ya rasu ya bar gona da gida, 'yan'uwansa suka taru suka hana ta tumuninta. Za ta kai ƙara kotun shari'a ta garinsu. In hukuncin bai gamsar da ita ba, tana da ikon ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan kuma zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta jiha da ke Katsina. Mutane da yawa suna zaton nan ne tuƙewa. A'a, da sauran tafiya. Daga kotun jiha sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tarayya, wadda ita ce ta biyu a girma a duk ƙasar nan, babu abin da ke samanta sai Kotun Ƙoli. Haka kuma ƙarar da ta fito daga babbar kotun jiha, ko ta fili ce, ko ta bashi, ko ta kisan kai, nan ta ke zuwa.

Aikin jojin wannan kotu ya bambanta da na alƙalin da muka saba gani. Galibi ba a kiran shaidu a gabansa, ba a sake rantsar da kowa. Abin da a ke kawo masa takardu ne, watau duk abin da aka rubuta a kotun ƙasa tun daga ranar da aka shigar da ƙara har ranar hukunci, da kuma hujjojin da lauyoyin ɓangarorin biyu suka rubuto. Shi kuma ba shi kaɗai ke zama ba, aƙalla joji 3 ne, kowa ya karanta, kowa ya faɗi abin da ya gani, a bi ra'ayin masu rinjaye. Wanda bai yarda ba yana da ikon rubuta nasa hukuncin daban, a ajiye shi tare da na sauran. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Ashe ke nan aikin na karatu ne da rubutu, dare da rana. Yarinyar da ta ke ƙyuyar buɗe littafi, wannan kujera ba tata ba ce.

Tsarin mulkin 1999 ya kuma tanadi cewa lalle a sami aƙalla joji 3 a kotun masu ilmin shari'ar Musulunci ta fannin aure da gado da makamantansu, kuma irinsu ne za su saurari ƙarar da ta fito daga kotun shari'a ta jiha. Wani abu kuma da ya kamata uwargida ta sani, ɗaukaka ƙara tana da wa'adi. Wanda zai kai hukuncin ƙarshe na ƙarar da ba ta laifi ba gaban wannan kotu, wata 3 doka ta ba shi. In ya yi sake wa'adin ya wuce, sai ya koma roƙon kotu ta ƙara masa lokaci, kuma sai ya kawo dalili mai ƙarfi. Mata da yawa haƙƙinsu kan salwanta a nan, ana ta jiran dangi su sasanta har lokaci ya ƙure.

To, yanzu mu koma kan ita Mai Shari'a.

An haife ta a Ikko ran 20 ga Nuwamba 1944. Ta yi karatunta na farko a Zariya, a makarantar St. George da ta St. Bartholomew da ke Wusasa, sa'an nan aka kai ta Ingila, ta yi makarantar 'yammata, ta ci gaba har ta karanta aikin lauya. An karɓe ta cikin lauyoyin Ingila a watan Nuwamba 1966, a Nijeriya kuma a 1967. Ita ce mace ta farko daga Arewa da ta zama lauya, tana da shekara 22.

Na san abin da wata za ta ce: ai 'yar gata ce, wa zai kai 'yata Ingila? Gaskiya ne, ta sami gatan da yawancin 'yammatan zamaninta ba su samu ba. Amma ku dubi abin da ya biyo baya, domin gata ya kai ta bakin ƙofa ne kawai. Ta fara aiki a 1967 a Ma'aikatar Shari'a ta Jihar Arewa, a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati, watau matakin da ya fi kowane ƙasa. Shekarar ke nan da Janar Yakubu Gowon ya raba Arewa jiha 6, yaƙin basasa kuma ya ɓarke. Ta yi aikin tsara dokoki a hukumar da aka kafa don kula da ayyukan da sababbin jihohin suka yi tarayya a kai. Daga nan ta zama majistare a Jihar Arewa Maso Gabas. A 1973 ta koma Kano ta zama babbar rajistara ta kotunan jihar, wadda ita ke riƙe da takardu da ma'aikata da duk tafiyar da ofis. A 1977 aka naɗa ta joji a Babbar Kotun Jihar Kano, mace ta farko a wannan kujera.

Shekara 10 ta yi a babbar kotun Kano, kuma har ta bar can ba a ba ta shugabancin jojin jihar ba. Sai a 1987, bayan ta cika shekara 20 cur tana aiki, aka ɗaga ta zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara.

Nan akwai abin da zai faranta ran mutanen jiharmu. Lokacin da ta shiga kotun, shugabanta shi ne Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda ya riƙe ta daga 1978 zuwa 1992, ya kuma zama Galadiman Katsina, Hakimin Malumfashi. Babban Jojin Nijeriya na lokacin, Mai Shari'a Muhammadu Bello, shi ma Bakatsine ne, a 1987 ɗin ya hau. Lokacin da za ta bar kotun kuma wani Bakatsinen ne ke shugabanci, Mai Shari'a Umaru Abdullahi, Walin Hausa, wanda ya riƙe daga 1999 zuwa 2009. Kun ga ashe ƙasar Katsina ba baƙuwa ba ce a wannan kotu. Abin da ni ke tambaya kawai, duk waɗannan manya da muke alfahari da su, ba su da 'yan'uwa mata ne a garuruwansu masu irin ƙwaƙwalwarsu? Akwai mana. Ba a kai su makaranta ba ne, ko an kai su an cire.

Sai kuma zaman jira. Daga 1987 har 2005 Mai Shari'a Aloma tana Kotun Ɗaukaka Ƙara, ana juya ta daga wannan reshe zuwa wancan, har da Badun, nesa da gida. Ku lissafa, kusan shekara 18 ke nan. Yarinyar da aka haifa shekarar da ta shiga kotun, kafin ta fita ta gama sakandare, a garuruwanmu ma wataƙila tana goye da ɗan fari. Mu malaman makaranta mun san zafin a bar mutum a mataki ɗaya shekara 5 ko 6 ba ƙarin girma, yadda zuciya kan mutu, aiki ya koma na ganin dama. Ita kuwa ba a ji ta ajiye aiki ba, ba a kuma ji sunanta cikin wata badaƙala ba. A 2005 aka naɗa ta a Kotun Ƙoli, nan ma mace ta farko.

A zamanin da aka naɗa ta soja ke mulki. Yanzu kuwa ga yadda a ke yi bisa tsarin mulkin 1999. Ba a naɗa mutum jojin Kotun Ɗaukaka Ƙara sai ya kai aƙalla shekara 12 da zama lauya. Na babbar kotun jiha shekara 10 ne, na Kotun Ƙoli 15. Akwai Majalisar Harkokin Shari'a ta Ƙasa, wadda Babban Jojin Nijeriya ke shugabanta, ita ke tace sunaye ta miƙa wa Shugaban Ƙasa, shi kuma ya naɗa. In shugaban kotun ne za a naɗa, to, sai Majalisar Dattijai ta amince. Ana kuma duba rabon jihohi, don kada wani sashe ya kwashe kujeru wani ya tashi a tutar babu. Joji kan zauna har ya cika shekara 70. Shekara 12 ɗin nan fa mafi ƙaranci ce a takarda, a zahiri yawanci sai mutum ya daɗe yana joji a ƙasa an ga kamun ludayinsa.

Ɗazu na ce ku riƙe zancen jojin da ke rubuta hukuncinsa daban. Ga inda ya shafe mu.

Bayan zaɓen shugaban ƙasa na 2007, Janar Muhammadu Buhari ya kai ƙara yana ƙalubalantar nasarar Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa. Mu nan Mashi muna kan hanyar da ta haɗa Katsina da Daura, ga ɗan Katsina ga ɗan Daura suna shari'a kan kujerar mulkin ƙasa, sai ku ƙiyasta yadda gidaje suka rabu, har miji da mata. Irin wannan ƙara a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ke farawa, kuma kotun ta tabbatar da zaɓen. Aka ɗaukaka zuwa Kotun Ƙoli, joji 7 suka zauna, ran 12 ga Disamba 2008 aka yanke hukunci. Joji 4 suka ce zaɓen ya tsaya, 3 suka ce a soke shi, domin takardun jefa ƙuri'a ba su ɗauke da lambobi bi da bi kamar yadda dokar zaɓe ta 2006 ta ce. Waɗannan 3 su ne George Oguntade, da Walter Onnoghen, da Aloma Mukhtar.

Ba ina nufin in tayar da tsohon zancen siyasa ba, duka mutanen biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Abin dubawa shi ne, mace 'yar Arewa ta rubuta da hannunta cewa a soke zaɓen shugaban ƙasar da ke kan mulki, shi ma ɗan Arewa, alhali tana da sauran mataki a gabanta da ta ke fatan hawa. Ra'ayinta bai yi rinjaye ba, amma yana nan a rubuce, ɗalibai masu koyon aikin lauya suna karantawa. Masu cewa mace ba ta da zuciyar yanke hukunci mai nauyi, sai su gaya mana me a ke kiran wannan.

Ran 16 ga Yuli 2012 Shugaba Goodluck Jonathan ya rantsar da ita Babbar Jojin Nijeriya, ta gaji Mai Shari'a Dahiru Musdapher. Da ta je gaban Majalisar Dattijai don tantancewa ba ta ɓoye cewa akwai cin hanci a cikin ma'aikatar shari'a ba, kuma a zamaninta an yi wa wasu joji ritayar dole. Ta sauka ran 20 ga Nuwamba 2014, ranar da ta cika shekara 70, bayan shekara 47 tana aiki.

Amma akwai wani al'amari da ya faru a zamaninta wanda ya shafi matan aure kai tsaye, kuma ba zan tsallake shi ba don ina yabonta. A watan Nuwamba 2012 aka tara sababbin joji 12 da za a rantsar a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Aka rantsar da 11, aka bar mace ɗaya a zaune, Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo. Dalili kuwa an kawo ƙorafi cewa haihuwar Jihar Anambra ce, aure ne ya kai ta Jihar Abiya, ga shi kuma kujerar Abiya za a ba ta. Alhali kuwa a Abiya ta yi shekara da shekaru tana aikin joji. Ƙa'idar hukumar da ke kula da rabon muƙamai tsakanin jihohi ta ce matar aure, in ana zancen muƙamin tarayya, jihar da ta fito za ta ci gaba da riƙewa. Aka yi ta cece-ku-ce, Majalisar Dattijai ta sa baki ta ce a rantsar da ita, bayan 'yan makonni kuma aka rantsar.

Ni dai a ganina Babbar Jojin ta tsaya kan abin da ke rubuce ne, kamar yadda ta saba, kuma wanda ya yaba mata a 2008 bai kamata ya yi mamaki a 2012 ba. Laifin na ƙa'idar ne. Ku duba lamarin da idon gida. An aurar da ke daga Mashi zuwa Kano ko Kazaure kina 'yar shekara 18, can kika haihu, can kika yi aiki, can ƙarfinki ya ƙare. Ranar da muƙami ya fito, mutanen garin miji su ce ke baƙuwa ce, mutanen garinku kuma su ce ai kin daɗe da zama ta wasu. Kin zama jemage ke nan, ba ki cikin tsuntsaye ba ki cikin dabbobi. Saboda haka shawarata ga duk yarinyar da za a kai ɗakin miji a wata jiha, ta karɓi takardar shaidar ƙaramar hukumar mahaifinta, wadda a ke ce wa indijin, ta adana ta tare da takardun makarantarta. Kada ki ce ba ki da niyyar aiki, ba ki san abin da gobe za ta zo da shi ba.

Na san kuma wani maigidan in an karanta masa wannan zai ce ai mace ba ta alƙalanci. Wannan fagen malamai ne, kuma sun yi magana a kai tun da daɗewa. A mazhabarmu ta Malikiyya an sharɗanta alƙali ya zama namiji, Imamu Abu Hanifa kuwa ya yarda mace ta yi hukunci a al'amuran da a ke karɓar shaidarta. Kotunan da Mai Shari'a Aloma ta zauna kuma ba kotunan alƙali ba ne irin na garuruwanmu, na dokokin ƙasa ne, waɗanda ko mun shiga ko ba mu shiga ba za a yi mana hukunci a cikinsu. Ban da haka ma, ba duk wadda ta karanta shari'a ke zama joji ba. Wannan baiwar Allah da aka hana tumuninta, wa za ta fi sakin jiki ta gaya wa cikinta, lauya namiji baƙo, ko 'yar'uwarta mace mai jin Hausa wadda ta san abin da a ke nufi da takaba? Zancen sutura ma an wuce wurin. A watan Disamba 2017 an hana wata ɗaliba, Firdausi Amasa, shiga zauren rantsar da lauyoyi don ta ƙi cire hijabi, amma a 2018 aka rantsar da ita da hijabinta.

Ƙofar da Mai Shari'a Aloma ta buɗe ba ta rufu ba. Mai Shari'a Zainab Adamu Bulkachuwa, wadda ta yi karatunta nan gida a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta riƙe shugabancin jojin Jihar Gombe, ta shiga Kotun Ɗaukaka Ƙara a 1998, a 2014 kuma ta zama mace ta farko da ta shugabanci kotun, watau kujerar da Galadima da Wali suka zauna. Da ta sauka a 2020 wata macen ce ta gaje ta, Mai Shari'a Monica Dongban-Mensem ta Jihar Filato. A 2024 kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu da ta hau kujerar Babban Jojin Nijeriya.

To, ke 'yar makaranta, ga lissafinki. Yau ba sai an je Ingila ba. Ana koyar da aikin lauya a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Ahmadu Bello, kuma a Kano da Zariya kina iya haɗa dokokin ƙasa da shari'ar Musulunci. Abin da za ki fara riƙewa tun daga aji 1 na sakandare shi ne Turanci, da darasin adabin Turanci, domin su a ke fara dubawa, kuma nan ne 'yammatanmu suka fi faɗuwa. In Larabcinki na Islamiyya yana da ƙarfi, kada ki yar da shi, zai yi maki rana. Jami'a shekara 5 ce, sa'an nan shekara 1 a makarantar horon lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, sa'an nan hidimar ƙasa. In kin shiga jami'a kina da shekara 18, kina 24 kin zama lauya, kina 34 doka ta yarda a naɗa ki jojin babbar kotu.

Ke kuma uwargida, wannan shekara 6 ta karatu ita ce za a zo ana yi maki ƙorafi a kanta, cewa yarinya ta girma, sa'o'inta duk suna ɗaki. Aure ba ya hana karatu in an yi sharaɗi tun wurin neman aure, a gaban waliyyai da shaidu, cewa za ta ƙarasa. Ki sa mahaifinta ya faɗe shi a fili tun kafin a karɓi sadaki, domin alkawarin da saurayi ya yi wa yarinya a zaure da dare, babu alƙalin da zai iya tabbatar da shi.